Harafin da Na Je Gogewa a New Bell

Tun da na dawo daga Duwala ban huta da tambaya ba. A masallaci, a wurin aiki, har a shagon mai aski, sai an ce, "Nura, wai da gaske harafi ɗaya ne ya kai ka Kamaru?" In na ce Kawu na je dubawa, sai a yi dariya a ce an san wannan, a faɗi ɗayan. To bari in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa.

Sai na fara da bayanin aikina, don ko mahaifiyata har yau cewa take gyaran kwamfuta nake yi. Kowace na'ura mai ƙwaƙwalwa tana da wata manhaja a can ƙasa wadda ke magana da ƙarfen kai tsaye, ana ce mata kanel. Akwai wani ƙaramin kanel na kyauta da ake sa wa ƙananan na'urori, irin mitar sola da firjin asibiti. Mutane ne daga ƙasashe daban-daban suke rubuta shi tare ta wasiƙun intanet, yawancinmu ba mu taɓa ganin juna ba. Ni ma ina ciki, a lokacin da na samu sarari.

Idan na'ura ta ga matsala, kanel yana rubuta saƙo. A cikin saƙon akwai gurabe, kuma harafi ne ke gaya masa yadda zai cike kowane gurbi: wannan lamba za a sa, wancan suna. Muna da haruffa biyu, N da G, dukansu sunan na'ura suke rubutawa. Da can sun bambanta, amma an yi ta gyara N har ya iya duk abin da G ke yi. Sai G ya zama kaya kawai: yana cin wuri, yana ruɗa sababbin shiga, kuma duk gyaran da za a yi sai an yi shi sau biyu. Dattijon da ke karɓar gyare-gyarenmu, wani Bature da ban san fuskarsa ba, ya ce in share shi.

Na gama aikin cikin kwana uku, amma na kasa turawa. A saman G akwai wani layi da marubucinsa ya bari: "Kada a cire wannan sai an tambaye ni." Ƙarƙashinsa an sa hannu, A. Garba, New Bell. Na aika wasiƙa, ta dawo mini, adireshin ya mutu. Dattijon ya ce shekara biyu ke nan ba a ji ɗuriyar mutumin ba, in jira wata ɗaya, in shiru ne in goge. Ni kuwa zuciyata ta ƙi. Wanda ya tsaya ya rubuta gargaɗi irin wannan ya san wani abu da ban sani ba, kuma na san firjin magani na cikin na'urorin da ke amfani da kanel ɗin.

Ana cikin haka aka yi wa Kawu Sale aikin ido. Ƙanin mahaifiyata ne, yana sayar da shadda a Duwala, kuma a unguwar New Bell yake zaune. Mama ta ce a waya kowa lafiya lau yake, ita tana son wanda zai je ya gan shi da ido. Ban bari ta rufe baki ba na ce zan je.

Kawu ya ce kada in kuskura in bi ta kudu. Lokacin rikicin yankin masu Turancin Ingilishi ya yi zafi, hanyar da 'yan kasuwa suka saba bi ta zama sai wanda ya shirya. Ya ce in zagayo ta Yola ko da zai ci mini kwanaki. Haka na yi. Daga Kaduna zuwa Yola ba abin faɗi sai ciwon baya. Washegari na shiga wata tsohuwar mota zuwa bakin iyaka, mu tara da buhunan omo, daga nan aka sa mu a kwalekwale. Ni da ban iya ruwa ba, na rungume jakar kwamfutata kamar jariri. Mai tuƙin ya dube ni ya ce, "Malam, in mun kife jakar ba za ta cece ka ba, gara ka riƙe katako." Mata biyu da ke bayana suka yi ta dariya har muka tsallaka.

A ɗaya gefen, jami'in da ya duba takarduna ya ga kwamfuta ya ce in kunna. Na kunna, sai baƙin allo da fararen rubutu suka cika fuskar. Ya ja kujera baya, ya yi wata doguwar magana da Faransanci wadda ban tsinci komai a ciki ba. Na ce masa da Hausa ban ji ba. Sai ya juya harshe, Hausa mai gardin Fulatanci.

"Wannan mene ne? Ina hotuna? Kwamfuta ba hoto?"

Na yi ta bayani, ina ƙara dagula abin. Da na ce masa aikina shi ne in goge harafi, sai ya kalle ni kamar mai tausaya wa iyayena. Can ya zaro wayarsa daga aljihu ya ce tun da ni masani ne, me ya sa take cewa ta cika alhali bai sa mata komai ba? Na share masa tarkacen da ke ciki, ta dawo tana aiki. Ya buga mini hatimi, ya raka ni har inda masu babura suke, ya ce wa ɗaya daga ciki in ya yar da ni a hanya zai gamu da shi.

A Garwa na kwana, a wani masauki kusa da tasha. Zafin garin ya fi na Yola, ban san haka zai yiwu ba. Da safe na nemi ƙosai, aka nuna mini wata mata mai tuya. Ta zuba mini fanke a faranti, ta malala dafaffen wake a gefe, ta miƙo kofin kunu. Na tsaya ina jiran a ce kuskure ne. Fanke da wake? Mutumin da ke kusa da ni ya ce, "Ɗan Najeriya ne ko? Ci ka ji." Na ci. Ban sake neman ƙosai ba har na bar ƙasar.

Daga Garwa na shiga mota zuwa Ngaundare, daga can na hau jirgin ƙasa zuwa Yawunde. Na zauna kusa da wata dattijuwa, Hajiya Dudu, mai kai kilishi kudu. Kafin jirgi ya tashi ta san sunan mahaifiyata da dalilin da ya sa ban yi aure ba. Ita ta koya mini cewa a nan in mutum ya ce "on va faire comment", ba tambaya yake yi ba, yana nufin ya za a yi, sai haƙuri. Jirgi ya tsaya a daji awa biyu ba dalili, ta ce on va faire comment. Fanka ta mutu, on va faire comment. A wata tasha masu talla suka miƙo wani abu dogo naɗe da ganye an ɗaure shi da zare, ta saya mini. Na kai baki da ganyen gaba ɗaya. Ta fizge shi tana salati, ta warware, sai ga rogo a ciki, mai danƙo da ɗan tsami.

"Kai da ka yi boko har ka ƙoshi," in ji ta, "ba ka san a kwance kaya kafin a ci ba?"

Na isa Duwala da rana tsaka a motar Yawunde. Abin da ya fara tarbata iska ce mai nauyi, kamar an jiƙa bargo an lulluɓa maka. Na tsaya bakin titi ina ɗaga wa tasi hannu, su rage gudu, su dube ni, su wuce. Sai da na lura da wata mata a gabana: mota na rage gudu sai ta faɗi unguwar da za ta da ƙarfi, in direba ya yi hon ta shiga, in bai yi ba ta jira wata. A gida kai ne kake tambayar direba ina za shi, a nan shi ne yake sauraronka ya yanke hukunci. Na tattara ƙarfina na yi ihu, "New Bell!" Aka yi mini hon. Ban taɓa jin daɗin hon irin na ranar ba.

New Bell ta Hausawa kuwa, in ka rufe ido ka ce Fagge kake. Kiran salla, ƙamshin tsire wanda su suke ce wa soya, masu ɗinki a bakin hanya. In ka buɗe kunne sosai sai ka ji bambanci. Mutum zai fara magana da Hausa, ya ratsa ta Faransanci, ya fito ta Turancin buroka, bai ma san ya yi ba. Wasu kakannin kakanninsu ne suka zo, ba su taɓa ganin Kano ba, amma in ka tambaye su sai su ce su Kanawa ne, har su faɗi unguwa.

Na samu Kawu zaune a ƙofar gida da baƙin tabarau, ya rame kaɗan amma bakinsa na nan. Ya taɓa fuskata ya ce, "Yaya ta aiko ɗan leƙen asiri." Na kira Mama na ba shi, suka yi faɗansu na 'yan'uwa, hankalinta ya kwanta. Da muka ci abinci na kawo masa zancen A. Garba.

"Garba a New Bell?" Ya yi dariya har sai da ya dafe idon. "Kamar ka je kasuwar Kurmi ne ka ce kana neman Malam Musa."

Duk da haka washegari bayan sallar azahar ya sa aka yi ta tambaya a masallaci. Aka kawo sunan Garba huɗu. Ɗaya mahauci, ɗaya ya rasu, ɗaya direban babbar mota. Na huɗun shi ne Alhaji Abdu Garba, tsohon tela, wanda wani ya ce ya taɓa ganin kwamfuta a gidansa. Kawu ya riƙe kafaɗata muka tafi, muna tsallake kwatoci a kan katakai.

Muka tarar da tsoho mai farin gemu a zaure, yana sa zare a allura ba tabarau. Bayan gaisuwa na gyara zama na fara jawabin da na shirya tun daga Kaduna. Na ce na zo ne a kan harafin G da ya rubuta, na yaba da aikinsa, na ce ina neman izininsa in cire. Ya saurare ni har ƙarshe cikin natsuwa. Sannan ya juya wajen Kawu.

"Sale, yaron nan lafiyarsa ƙalau?"

Kawu ya ce shi ma bai tabbatar ba. Na ciro kwamfuta na nuna masa sa hannun. Ya ƙura ido, ya ce shi ajami kaɗai yake karantawa, amma in Garba ne da kwamfuta, to ba shi ba ne. Ya ɗaga murya ya ce, "Aminatu! Zo ga baƙonki daga Najeriya."

Wata mata ta fito tana goge hannu da gefen mayafi. Za ta girme ni da kamar shekara takwas, doguwa, mai ɗan tabo a haɓa. Ni da na yi wata guda ina rubuta "Malam Garba" a wasiƙu, na rasa inda zan sa fuskata. Na gaishe ta, na ji yaran gidan na ce mata Adda, ni ma na bi. Ta dubi allon daga tsaye. Na ga ta karanta layin nan nata, ta sake karantawa, sai ta zauna a bakin tabarma.

"Har yanzu yana nan?" ta ce.

Na ce yana nan, kuma shi ya kawo ni. Na yi mata bayanin N da G. Tun kafin in kai rabi ta ɗaga hannu, ta ce ta gane, ita ma da tana nan da ta ce a cire. Na ce to me ya sa ta rubuta gargaɗin? Ta ce in dawo gobe, yau tana da aiki. Ta tashi ta shige ciki. Alhaji ya ci gaba da ɗinkinsa, can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Tun da ta dawo daga garin Buya ba ta taɓa akwatin nan nata ba. Kada ka matsa mata."

Da safe na same ta a inda take sana'a, wani ɗan teburi a gefen babbar kasuwar da suke kira Marché Central, inda take gyaran waya, tsakanin mai sayar da bokitai da mai takalma. Ta ba ni benci. Tana kwance wata waya tana ba ni labari, idonta a kan aikin.

Ta ce a Buya ta yi aiki, can yankin masu Turancin Ingilishi, a wani ƙaramin kamfani na mutum shida. Suna haɗa wa firjin rigakafi wata 'yar na'ura, in sanyi ya ragu sai ta aika saƙon waya ga ma'aikacin asibiti da kuma ofishinsu. Saƙon waya gajere ne, shi ya sa ta rubuta G, don ya taƙaita suna ya shiga. Ta sa gargaɗin ne saboda firjin na karɓar sabon kanel daga ofis, in wani ya cire G ba ta sani ba, saƙo zai daina fita, magani ya lalace ba wanda ya ji.

"Sai aka yanke intanet," ta ce. "Wata da watanni. Muna shiga mota mu zo Duwala don mu aika wasiƙa ɗaya. Daga baya harbe-harbe suka iso. Mai kamfanin ya rufe, kowa ya kama gabansa."

Na ce to firjin fa?

Ta ce yawancinsu ta san ƙarshensu, an kwashe wasu, wasu sun ƙone da asibitocin. Guda ɗaya ne ba ta sani ba. Yana wani ƙauye a bayan dutse, wurin wata nas mai suna Sista Mabel. In ta je can a ɗakin Mabel take kwana, Mabel har tukunya ta ware mata wadda ba a taɓa dafa alade a ciki ba. Makon da abin ya ɓaci, ta yi alkawarin kai mata sabon batir. Ba ta je ba, tsoro ya hana ta. Mabel ta kira sau uku.

"Ina kallon wayar tana ƙara. Me zan ce mata? In ce ina gidan babana ina shan shayi? Na ce gobe zan kira. Goben ta zama mako. Daga nan kunya ta hana ni. Daga baya kuma tsoro nake kada in kira wani ya ɗauka ya ce mini ta mutu." Ta ajiye abin kwance waya. "Shekara biyu ke nan. Ka ga amsar tambayarka tana wurinta. In firjin na aiki a asibiti, ba za ka taɓa G ba sai an san yadda aka yi da shi. In babu shi, goge abinka."

Na ce mata ba dole ba ne. Zan iya rubuta wa dattijon in ce a bar harafin, ba wanda zai mutu don harafi ɗaya ya ƙara kwana. Da gaske nake, don na ga abin da tambayata ta taso, na ji kamar na shiga gidan mutane da takalmi.

Mai bokitai ya leƙo ya tambaye ta canji da Faransanci, ta amsa masa. Sannan ta ciro wayarta, ta daɗe tana neman lambar, ko da yake na ga alama ta san inda take. Ta danna, ta sa a kunne, ta juya mini baya.

Ta yi ƙara sau biyu aka ɗauka. Ina jin muryar daga inda nake, don matar ihu ta yi. "Amina? Amina! Na you?" Adda ta dafe teburin. Sai muryar can ta yi ta zuba, ita kuma tana cewa "yes, yes" kawai, hawaye na sauka a kan wayar mutane da ta kwance. Da ta kashe ta juyo ta ce mini, "Tana Bonaberi. Ƙetaren gada. Shekara ɗaya da rabi tana nan, ni ina nan."

Ta rufe teburin da leda ta ce wa mai takalma ya duba mata. Muka hau babura biyu, waɗanda suke kira benskin, muka ratsa cunkoson gadar kogin Wuri. Mai babur ɗina ya bi ta tsakanin manyan motoci biyu har gwiwata ta shafi taya, na karanta duk addu'ar da na iya.

Sista Mabel gajera ce mai ƙiba, da furfura a gaban kai. Tana zaune a ɗaki ɗaya na katako da 'ya'yan ƙanwarta uku. Ta fito da gudu ba takalmi ta rungume Adda, suka tsaya a tsakar gida suna kuka, maƙwabta suna leƙe. Adda ta fara ba da haƙuri, tana cewa ta ga kiran, ta gani sarai ba ta ɗauka ba. Mabel ta toshe mata baki da tafin hannu. Turancin buroka take yi, irin namu ne da ɗan bambanci, na ji yawancinsa.

Ta ce, "Kin san me ya sa na kira ki? In ce miki kada ki zo. An tare hanya, an ƙona mota a mararraba. Sau uku ina kira in ce ki zauna inda kike. Da ba ki ɗauka ba na ce shi ke nan, yarinyar nan ta taho, sun kama ta a hanya da batir ɗina. Shekara biyu ina cewa ni na kashe ki."

Adda ta zame ta zauna a kan dakali. Mabel ta zauna kusa da ita tana shafa mata baya tana cewa, "Ashia, ashia." Daga baya na tambaya aka ce mini kalmar kamar sannu take, amma ta fi sannu faɗi: ana faɗa wa mai ciwo, da mai ɗauke da kaya, da wanda aka yi wa rasuwa. Ni dai na koma gefe na ƙura wa wata bishiyar gwanda ido, don ba wurin baƙo ba ne.

Sai da aka natsu aka kawo kujeru, Adda ta tuna da ni. Ta ce wannan ɗan'uwa ne daga Najeriya, yana tambayar firji. Mabel ta kwashe da dariya ta ja labule. Ga shi nan a kusurwar ɗaki, fari, da 'yar na'urar Adda manne a gefensa da koren haske yana ƙiftawa. Ta ce ranar da mutanen ƙauye suka watse, rufin asibiti ya riga ya tafi. Mai gari ya ce ta ɗauke shi kada a sace, in an koma ta dawo da shi. Maza huɗu suka ɗauko shi a kai ta cikin gonakin koko har inda mota ke zuwa. Yanzu zoɓo take sa wa a ciki tana sayarwa, su foléré suke ce masa. Amma ta buɗe ta nuna mana shiryayye na sama, wanda ba ta bari kwalbar zoɓo ta taɓa: allurar masu ciwon suga ce ta mutum biyar a unguwar, waɗanda suka gudo kamar ita ba su da inda za su ajiye.

Adda ta durƙusa gaban na'urar, ta ce in ba ta kwamfuta da igiya. Ta jona. Yatsunta suka ɗan yi jinkiri da farko, sannan suka tuna hanya. Ta ce na'urar na neman ofishin da babu shi, ba za ta sake karɓar sabon kanel ba har abada, don haka duk abin da muka goge ba zai iso nan ba. Amma saƙon gargaɗi yana tafiya ne ga lambar da ta mutu. Ta canza shi zuwa wayar Mabel, ta ƙara tata. Muka bar ƙofar firjin a buɗe don gwaji, muna zaune muna kallon juna. Bayan 'yan mintuna wayoyi biyu suka yi ƙara tare. Mabel ta daka tsalle kamar an ce ta ci kujerar Makka, ko da yake ita coci take zuwa.

Ba ta bar mu mun tafi ba sai da ta aika aka gaso kifi, aka kawo da rogon nan na ganye. Wannan karon na kwance kafin in ci.

Washegari da hantsi muka zauna a zauren Alhaji, Kawu na gefe yana shan shayi. Na buɗe gyaran da na shirya na miƙa wa Adda don ta duba. Ta bi shi layi-layi. A wuri na goma sha wani abu ta tsaya ta ce, "Nan ka yi kuskure." In na'ura ba ta da suna, G alamar tambaya yake sawa, N kuwa ba ya sa komai, sai saƙon ya fito da rami. Kwana uku na yi a kan aikin da wata guda ina dubawa, ban gani ba. Ta gyara shi cikin minti biyar, ba ta ko yi mini gori ba, abin da ya fi gorin ciwo.

Da muka zo kan G kansa, na ce ita ya kamata ta goge. Ta ja kwamfutar gabanta. Layi ashirin da ɗaya ne, har da gargaɗin da sunanta. Ta haskaka su duka, ta ɗan tsaya, ta ce ta rubuta su ne ranar wata Asabar ana ruwa, tana cin gasasshiyar masara. Sannan ta danna. Muka rubuta bayani tare, ta sa hannu da cikakken sunanta da sabon adireshi, muka tura.

Alhaji ya ce, "To, me aka yi?"

Ta ce, "Baba, aikina na goge."

Ya dube ni, ya dubi Kawu. "Mutum ya taso tun daga Kaduna, ya ƙetare ruwa, don a warware ɗinki." Ya girgiza kai. "Amma in ɗinkin ya gama amfani, gara mai shi ya warware, shi ya san inda ya ƙulla."

Na ƙara kwana huɗu. Na raka Kawu asibiti aka cire masa bandeji, ya fara gane fuskoki, abin da ya fara cewa shi ne ashe na fi kyau a murya. Na sayo wa Mama atamfa da man ja, Hajiya Dudu kuwa ban sake haɗuwa da ita ba, ko da yake na duba a tasha.

Ina cikin jirgin komawa, wajen la'asar, muka shiga wani gari mai sabis, wayata ta yi ƙara. Dattijon ne ya amsa a zauren wasiƙunmu. Mutum ne da bai taɓa rubuta mini fiye da layi biyu ba. Ya rubuta cewa an karɓi gyaran. A ƙasa kuma ya ƙara layi: "Aminatu, mun yi ta tambayar ina kike. Muna murna da kina lafiya." Kafin jirgi ya bar garin wasu mutum uku sun amsa, daga ƙasashe uku, kowa da irin gaisuwarsa.

Na kira ta in tambaya ko ta gani. Ta ɗauka, ina jin hayaniyar kasuwa a bayanta. Ta ce ta gani. Ina jin mai bokitai yana ciniki, ita tana jin ƙarar jirgi.

Sannan ta ce, "Nura, akwai wasu haruffa biyu a ƙasan wancan, su ma aiki ɗaya suke yi. Kada ka taɓa su. Nawa ne."